Yadda Za Ka Zama Injiniyan Iska a Riruwai Kafin Surukinka Ya Iso

Kai da kake ɗaukar kwanon ƙasa a ramin kuza na Riruwai, amma ka aika gida cewa kai ne injiniya, kwantar da hankalinka. Ga matakai biyar, in ka bi su daki-daki na yi maka alkawari ba mai gane ka. An gwada su a kan Ubale, mutumin Burumburum, a bazarar 1955, ranar da surukinsa Malam Maikano ya aiko cewa zai zo ya ga aikin da idonsa.

Mataki na ɗaya: San abin da za ka yi ƙarya a kansa

Ubale ya kwana uku yana tsugunawa kusa da Sale makaniki, wai yana cire ƙaya, har ya fahimci abin. Injin nan mai ruri, kwamfaresa, aikinsa zuƙar iska. Ya matse ta a cikin tanki har ta rasa wurin juyawa. Daga nan mesa ta kai ta silinda, wani bututun ƙarfe mai sanda a ciki. In ta shiga ta baya sai ta turo sandar, sandar ta buɗe ƙofar babban akwatin da ake tara tsakuwa da laka a sama. In ta shiga ta gaba sai sandar ta koma, ƙofa ta rufe, tsohuwar iska ta fita da tsaki. Mai raba mata hanya wani ɗan hannun ƙarfe ne a gefen dogo, layin ƙarfen da kurar ɗaukar kaya ke bi. Kurar da lebura ke turowa ta danne shi, ƙofa ta buɗe, kaya su zubo a cikinta, babu hannun kowa. Nan arzikinka yake: aikin da ba na kowa ba, kowa na iya cewa nasa ne.

Mataki na biyu: Yi kama da su

Shafa baƙin mai a gaban riga. Riƙe sifana, ko da ba ka san inda take kamawa ba. Je ka ƙwanƙwasa agogon tanki, mai auna ƙarfin iska, ka ɓata rai. Masu ilmi duk suna ɓata rai a gaban agogo.

Mataki na uku: Ba da umarni ga abin da zai faru ko ba ka

Malam Maikano ya iso da hantsi a kan jakinsa, daidai lokacin da Sale ya tafi cin abinci. Ubale ya durƙusa ya gaishe shi, ya tambayi hanya da mutan gida da matarsa Turai, 'yar tsohon, sannan ya kai shi gefen dogo. Da ya ga kura ta matso sai ya ɗaga hannu ya ce, "Buɗe." Ƙofa ta buɗe. Da kura ta wuce ya ce, "Rufe." Ta rufe. Tsoho ya jinjina kai, ya yi tasbihi. Ubale ya ji kamar an ƙara masa tsawo.

Mataki na huɗu: Kada ka taɓa komai

A nan Ubale ya fara zamewa. Tsoho ya nuna ɗan famfon da ke ƙarƙashin tanki, wanda ake zubar da ruwan da iska ke tarawa, ya tambayi amfaninsa. Ubale ya ce na alwalar manyan ma'aikata ne, ya murɗa. Ruwan tsatsa ya fito da ƙarfin iska ya ɗauke hular tsoho ya dasa ta a kan bishiyar kargo. In haka ta same ka, ka ce gwaji ne. Shi ma haka ya ce.

Mataki na biyar: Lura da jaki

Don ya gyara abin da ya ɓata, Ubale ya shiga ƙarƙashin akwatin yana nuna sandar da sifana, yana bayanin cewa ƙofar nan ba ta jin muryar kowa sai tasa. Jaki kuwa ƙaiƙayi ya dame shi, ya ga ɗan hannun ƙarfe daidai tsayin gindinsa, ya jingina.

Da aka tono Ubale, laka ta kai masa ƙirji, sifana na sama a hannunsa. Heluma, shugaban leburori, ya zo ya kira shi da sunansa na aiki, mai kwano, ya ce duk abin da ya zubo shi zai mayar sama, ko ya kama hanyar garinsu. Ubale ya kasa ɗaga ido.

Malam Maikano ya karkaɗe hularsa, ya ce, "Malam, Turai ta gaya mana tun kaka aikin kwano kake yi, ba wanda ya ga aibunsa. Na zo ne in kawo muku gero. Amma in kamfani na neman wani injiniyan, ka gaya musu jakina ya iya buɗewa, rufewa ce bai koya ba tukuna."

Ubale ya kwana huɗu yana mayar da tsakuwa. Gero kuwa ya yi kyau.

Gargaɗi: marubucin nan bai taɓa murɗa famfo ba, bai kuma san halin jakin surukinka ba. Duk abin da ya zubo maka a ka, naka ne.