Ranar da Na Cusa Littafin Madam a Jakunkunan Mata

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da za a wanke mini ƙwaƙwalwa da sabulun salo, ranar da na kusa tura wahalar shekara shida ta wata baiwar Allah zuwa Kantin Kwari, a duƙunƙune cikin jakunkunan mata.

Bari in fara faɗa muku ko ni wace ce, don ku san inda ciwon yake. Bakanuwa ce ni, 'yar kasuwa, na daɗe a Guangzhou ina saro kaya a kasuwar Shahe ina turawa gida. Ban taɓa shiga aji ba sai da na haura arba'in. Ajin yaƙi da jahilci ne, bayan la'asar, a kan bencin 'yan firamare, gwiwoyina suna gaisawa da haɓata. Malamarmu, Malama Asabe, ba ta wasa. Ita ta koya mana cewa rubutu sai a kan layi, a ja gefe da rula, a sa kwanan wata a sama. Shafin da aka yi kuskure aka soke kuwa, sai ta ɗaga shi da yatsu biyu ta ce, "Wannan ƙazanta ce. Yage ki sake." Na riƙe maganar nan kamar karatun sallah. Kuma tun ranar da na karɓi takardar shaidata duniya ba ta huta ba. Duk wanda na gani sai na ba shi shawarar ya koma makaranta, ko ya tambaye ni ko bai tambaye ni ba.

A unguwar Panyu nake zaune, hawa na biyar. Ƙofa da ƙofa da ni akwai wata tsohuwa Bafaranshiya, siririya kamar sillen kara, farin gashi a barbaje, kullum cikin wata rigar sanyi ta maza da ta huje a gwiwar hannu. Na taɓa leƙa ɗakinta: katifa a ƙasa, butar shayi, kyanwa, da wata jita da tsirkiya ɗaya ta tsinke. Shi ke nan. Na sa mata suna Madam Tsumma (a zuci, don a fili Madam nake cewa). Turancinta guntu-guntu ne, nawa ya fi nata guntulewa, sai mu cike da hannu da fassarar waya.

Abin da ya fi damuna da ita shi ne rubutunta. Ko'ina rubutu take: bayan rasit, murfin kwali, takardar naɗe burodi. Kamar kaza ta taka tawada ta bi ta kai. Ta rubuta ta soke, ta ja kibiya, ta juya takardar ta ci gaba a kaikaice. Tausayi ya kama ni. Na ce a raina, Baturiya guda, amma ba ta dace da malama ta gari ba. Rannan na sayo littafi mai layi da fensir da rula ta ƙarfe, na haɗa da kwanon tuwon shinkafa na kai mata. Na zauna a kan katifarta na nuna mata yadda ake jan gefe. Na sa waya ta faɗa mata cewa kada ta ji kunya, ni ma sai da na tsufa na koya, gemu ba ya hana ilimi. Ta dube ni, ta dubi rular, ta rungume ni, har da hawaye. Na fito ina jin na samu lada. (Daga baya na gane hawayen dariya ne take dannewa.)

To, sai lokacin nan ya zo da bangon Guangzhou ke yin gumi, komai ya yi danshi har gishiri ya narke a gwangwani. Na saro jakunkuna kwali shida. Duk wanda ya san sana'ar ya san ba a tura jaka da ciki wofi, sai an cusa mata takarda, in ba haka ba ta isa Kano a lotse kamar an zauna a kanta. Na tambayi lawban, wato mai shagon takarda, ya kaɗa hannu ya ce "meyo", wato babu. Na dawo gida ina ta tsaki. Ina hawowa, a bakin matakala, daidai inda ake ajiye wa masu kwasar bola tsofaffin kwalaye, sai ga buhun Gana-mas-go cike taf da takardu.

Kada ku ce ban duba ba. Na duba. Na tabbatar babu Larabci, babu sunan Allah. Na gane hannun Madam, har na ji daɗi: kowane shafi a soke yake, ga tabon shayi, ga kibiyoyi. Na ce alhamdu lillahi, karatuna ya shige ta, ta zubar da ƙazantar ta koma littafi mai layi. Na ja buhun ɗaki, na wuni ina duƙunƙunewa ina cusawa, har da 'yar waƙata. Kafin magariba mota ta kwashe kwalayen zuwa sito a Baiyun.

Washegari da hantsi aka buga ƙofa. Madam ce, ba takalmi. Ta kwatanta girman buhu da hannuwanta. Ta hanyar waya na fahimci cewa ruwa ne ya tsattsafo a bangon ɗakinta, ta fitar da buhun bakin ƙofa don mai gyara ya samu wuri, ta fita sayo wa kyanwa kifi. Littafi ne take rubutawa. Shekara shida. Babu wani kwafi, ba a kwamfuta ba, ba a ko'ina ba.

Shaiɗan ya raɗa mini cewa in ce masu bola ne. Wa zai sani? Amma ni ko Alhazan kasuwa ban taɓa ɓoye wa gaskiya ba, balle tsohuwa mai hawaye. Na dafa ƙirji na ce, "Ni ce." Na yi mata alamar jaka, na yi alamar cusawa, na yi alamar jirgi. Ba ta yi ihu ba. Da ma ta yi, da na samu abin mayar wa martani.

Na kira ƙawata Hajiya Rakiya, 'yar Maraɗi, wadda ta yi boko da Faransanci, muka haɗu a tashar jirgin ƙasa. Ƙarfe huɗu motar ƙarshe ke barin sito zuwa filin jirgi, kuma daga Panyu zuwa Baiyun ba nan kusa ba ne. Muna shiga, Rakiya ta gaida Madam, ta tambayi sunanta. Madam ta faɗa. Sai na ga Rakiya ta saki ƙarfen da take riƙe da shi. Ta danna waya, ta dubi allo, ta dubi tsohuwar, ta sake duban allo.

"Hajiya," ta ce da ni a hankali, "kin san da wa kike maƙwabtaka shekara biyu?"

"Da Madam mana."

"Ke dai Allah Ya shirye ki. Duba nan."

Hoton wata budurwa ce mai baƙin gashi, riƙe da jita, a gaban jama'a kamar filin idi. Rakiya ta goga yatsa a allon: littattafai jere, sun fi yatsun hannuna, kowanne da sunanta a goshi. Rakiya ta ce akwai wata waƙa da babanta yake ƙure rediyo in an sako ta, su kuma suna rerawa a hanyar makaranta ba su ma san wa ya yi ta ba. To ga mai ita nan zaune, da hujajjiyar riga, tana kallon taga.

Tasha bayan tasha Rakiya tana tambaya, Madam tana amsawa, ni ina ƙara shigewa cikin mayafina. Ta bar gidan ubanta tana 'yar sha bakwai da akwati ɗaya. Ta kwana a ɗakunan saman rufi inda ruwa ke daskarewa a kofi. Ta yi waƙa a ƙananan gidajen shan giya don ta samu abincin dare, ta taɓa sayar da rigar sanyinta ta sayi takarda. Da suna ya zo, gida ya zo, sai ta ga rubutu ya ƙi fitowa a kan teburi mai kyau, ta bar wa mutane mukulli ta kama hanya. Ta zauna a garuruwan bakin teku iri-iri. Nan kuma kasuwa ce ta kawo ta, wai tana son ta rubuta yadda mutanen da ba sa jin harshen juna suke cinikayya har su yi dariya. Ba rayuwar da zan so wa 'yata ba ce, gaskiya. Amma ban taɓa ganin mutumin da ya riƙe abu ɗaya ya saki duk sauran haka ba. Mu da muke cewa duniya ba wurin zama ba ce, muna faɗa muna ƙirga kwali.

Mai siton, Alhaji Baba, mutumin zangon Kumasi ne, irin masu ce wa mace "kai". Da ya ji bayani ya riƙe baki.

"Hajiya, kai ka kashe ni! An ɗaure, an naɗe, an auna. Biyar na nan. Ɗaya ya bi motar jiya, yanzu yana sama."

Na ce a kwance biyar ɗin, ko nawa ne aikin ni zan biya. Ma'aikatansa 'yan Sin suka sa wuƙa. Kuma da yake ranar wanka ba a ɓoyon cibi, siton cike yake da Kanawa masu jiran awo, ciki har da Alhaji Bala mai takalma, wanda na taɓa ce masa a gaban mutane ya koma aji saboda ya kasa cike fom.

Haka na durƙusa a siminti, ni da Rakiya, muna zuge jaka muna zaro takarda. Madam ta zauna a kan kwali tana karɓa. Sai ta sa hannu a aljihun rigar nan ta fito da, me kuke tsammani? Rulata. Ta shiga goge shafukan da ita suna miƙewa. Alhaji Bala ya ce a tambaye ta ina ta samu rula mai kyau haka. Madam ta nuna ni, ta yi magana fuskarta ba wasa. Na zabga wa Rakiya harara. A banza.

"Ta ce malamarta ce ta ba ta," in ji Rakiya da ƙarfi. "Ta ce Hajiya ce ke koya mata rubutu a kan layi. Wai ta ce mata gemu ba ya hana ilimi."

Wayyo ni! Siton ya ɗauka. Alhaji Bala har da zama a kan sikeli. "Farfesa!" ya ce. "Ashe har Turawa kike ɗauka? Ni yaushe za ki sa ni a rajista?"  Da simintin zai tsage da na shige na ja kwali na rufe.

Abin da ya cece ni, Madam ta tsaya a kan wani shafi, sai ta fara rerawa. Murya ce ta tsufa, a dushe, ba ta fi ta mai lallashin jariri ƙarfi ba. Amma mai naɗe kaya ya tsayar da salatif ɗinsa. Dariyar ta mutu da kanta. Ba wanda ya ji kalma ɗaya sai Rakiya, ita kuwa hawaye take yi. Ni dai na tuna kakata tana daka da asuba, abin da na shekara talatin ban tuna ba. Da ta gama, wani ɗan Sin ya ce "shiye-shiye" a hankali, wato na gode, kamar ita ta yi masa alheri.

Na karɓi shafin na duba. Layi ɗaya ne aka rubuta sau tara, aka soke takwas. Na ce Rakiya ta tambaye ta don me ba ta yage ta sake ba. Madam ta ɗora yatsa a kan sokakkun, ɗaya bayan ɗaya, ta gangaro zuwa na ƙarshe.

"Ta ce waɗannan takwas ɗin su ne hanya," in ji Rakiya. "In ta yage su, ba za ta san ta inda ta biyo ba."

Na tuna daren da na yi kuka a kan jan biron Malama Asabe, ina ganin ni kaɗai ce daƙiƙiya a duniya. Ashe wadda rediyo ke rera maganarta har Maraɗi ma sau takwas take faɗuwa a layi ɗaya.

Saura kwali na shida. Na ce a ba ta haƙuri, zan kira ƙanwata a Kano ta tsare shi. Madam ta ƙyalƙyale da dariya, ta ce shekara hamsin masu buga mata littafi suna alkawarin kai ta Afirka, sai ga shi na kai ta a kwana ɗaya. Ƙanwata ta zaro abin da ta samu ta ɗauko hoto ta turo. Amma sai da na yi kwanaki layinta bai shiga ba, kafin in same ta ta riga ta sayar da jaka uku. Shafi bakwai ba su dawo ba har yau. Madam ta sake rubuta su, ta ce biyu sun fi na da kyau, sauran biyar kuwa ba za su taɓa kai na da ba. Ta faɗa mini haka ido da ido, ba ta sassauta ba, kuma na fi ganin girmanta a kan hakan.

Har yanzu a kasuwa Farfesa ake kirana, ina amsawa, don wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Na daina tura mutane makaranta sai wanda ya tambaya. Takarda kuwa, ko a tsakiyar bola na gan ta, sai na nemi mai ita. In kuma kin sayi jaka a Kwari kin tarar da rubutun kaza a ciki, 'yar'uwa, kada ki naɗe ƙosai da shi. Na riga ki yin wannan karatun, kuma da tsada na biya.