Cikin Auta da Lambar Yabon Manaja

Yau da sassafe da hannu na tura akwalar motata har bakin gidan mai, don tankin ya bushe ƙaf tun jiya. Na tarar layi ya sha kwana ya miƙe har gaban rumfar maƙwabcina Mai Faci. Muna tsaye rana ta fara cizo, sai ga wata doguwar mota mai baƙin gilashi ta shigo ta ƙofar fita. Aka sauke mata sarƙa cikin ladabi, aka cika ta, aka cika jarkokin da ke bayanta, ta sulale. Na ce wa Mai Faci, "Wannan kuma wane ne?" Ya ce, "Ba ka ga bai bi layi ba? Cikin masu yi mana hidima ne." To, Allah ya ƙara wa masu hidima lafiya. Sai da hantsi ya dubi ludayi na samu ɗan abin da zai kai ni inda za ni.

Inda za ni ɗin kuwa shi ne zancenmu na yau. Ƙanwata zan kai wani ofis. Ita ce ƙaramarmu, har yanzu da ta zama uwa Auta muke ce mata. Mijinta direban babbar mota ne, ya fi kwana a hanya a kan gida, shi ya sa duk wata zirga-zirgarta ta faɗo kaina.

Auta ta yi shekaru tana aiki a wani kamfanin sabulu, a sashen naɗe kaya. A tsaye ake aikin. Sabulu na tahowa a kan bel ɗin inji, ki ɗauka, ki naɗe, ki jera a kwali, bel kuma ba ya jiran kowa. Da ciki ya fito ƙafafunta suka fara kumbura, sai wata dattijuwar ma'aikaciya ta samo mata ɗan benci. Shugaban sashe ya zo wucewa ya gani, ya ce a fitar da shi, wai zama yana kawo kasala. Shi kuwa a zaune yake wuni, sai dai nasa zaman na tunani ne. Bayan 'yan kwanaki aka canza mata wuri, aka kai ta kusa da inda ake haɗa turaren sabulu. Mai lafiya ma kansa sarawa yake a wurin, balle mai ciki. Ta riƙa fita tana amai tana dawowa, ana rubuta mata cewa ta bar bakin aiki.

Da aka ga ta yi laushi, sai Mai Girma Manaja ya aika a kira ta ofishinsa mai sanyi. Da hannunsa ya zuba mata ruwan firij. Ya ce, "Ƙanwata, ni ma uba ne, ina da 'ya'ya mata. Raina ba ya so in gan ki cikin wannan wahala. Ki ajiye aikin ki je ki huta. In kin sauka lafiya, ƙofarmu a buɗe take."

Ta ce, "Ranka ya daɗe, kuɗin hutun haihuwa fa?"

Ya ce, "Wannan ƙaramin abu ne, za a duba."

Takardar ajiye aikin tana kan tebur, an riga an buga ta da sunanta, har an cire wa biro murfi. Ku dubi irin wannan tausayi, don kada mai ciki ta wahala wajen cire murfi. Ta sa hannu. Ta gaya mini har godiya ta yi masa.

Ƙarshen wata ta je wajen akanta. Ta taga ya amsa mata, ko kai bai ɗaga ba. Ya ce, "Hutun haihuwa na ma'aikata ne. Ke kuma tun ranar da kika sa hannu kin tashi daga ma'aikaciya." Ta nemi ganin Manaja, maigadi ya ce an hana baƙi shiga. Ƙofar da aka ce a buɗe take ke nan.

Ta zo gidana ta zauna a bakin tabarma. Ba ta yi kuka ba. Cewa kawai ta yi, "Yaya, da hannuna na yi." Wannan kalma ita ta fi ƙona mini rai. Likita ya riga ya ce kwanciyar ɗan ba daidai take ba, wataƙila sai an yi aiki, kuma da kuɗin nan ta dogara. An kore ta, an kuma bar ta da ganin laifin kanta.

Mai Faci ne ya ba mu shawarar mu je ofishin da aka ce an kafa don share hawayen ma'aikata. Muka je. Dogon benci, fanka a sama ta mutu da ƙura a fuka-fukanta, wani magatakarda yana ɓarar gyaɗa a kan fayil. Zuwan farko, Oga bai iso ba. Na biyu, Oga ya ɗan fita. Na gaba, Oga yana ganawa. Har na fara zargin ko Ogan nan labari ne ake ba yara.

Wata safiya muka koma muka tarar ofis ya canza kama. An kafa rumfuna, an jera kujeru, lasifika na tashi, katan-katan na lemo sun yi tsauni. An rataya ƙaton ƙyalle an rubuta: Ranar Karrama Uwa Ma'aikaciya. Muna raɓe a gefe, sai ga wata jami'a da kati a wuya tana kai-komo kamar ta yar da wani abu. Idonta ya sauka kan cikin Auta, fuskarta ta washe. Ta ce, "Baiwar Allah, ke ma'aikaciya ce?"

Auta ta ce, "Da dai ina yi, amma..."

"Ya isa. Taho."

Daga baya na ji dalili. An ce wa kowane kamfani ya zo da ma'aikaciya mai juna biyu saboda hoto, amma ko ɗaya bai zo da ita ba. Ikon Allah, duk kamfanonin nan babu mai ciki, kamar an bi su da rigakafi. Aka kai Auta sahun gaba, aka zaunar da ita a kujera mai katifa. Ni kuma aka ce in tsaya can baya wajen direbobi.

Mai Girma Babban Baƙo ya iso bayan kowa ya gama gumi. Ya yi jawabi mai ratsa zuciya, ya ce uwa ita ce ginshiƙi, ita ce tushe, ita ce inuwa, duk wani abin da ake jingina da shi dai ita ce. Aka tafa. Sannan mai gabatarwa ya ce za a ba da lambar yabo ga kamfanin da ya fi tausayin mata masu juna biyu. Da aka kira sunan kamfanin sai na ji ashe na su Auta ne. Mai Girma Manaja ne ya miƙe, yana gyara hula, yana ɗaga hannu. Aka ce mai cikin nan ta taso ta miƙa masa lambar, ta kuma yi 'yar kalmar godiya a madadin iyaye mata.

Wallahi bai gane ta ba. Ya yi mata murmushin hoto. Ta karɓi makirufo ta ce, "Ni ban iya jawabi ba. A kamfanin wannan bawan Allah na yi aiki. Da cikina ya fito aka ɗauke mini benci, aka kai ni inda nake wuni ina amai. Sannan ya kira ni ya ba ni ruwan sanyi da takarda."

A nan makirufo ya ɗauke. Sai dai wadda ta yi shekaru tana magana a kan ƙarar inji ba ta buƙatar makirufo. Ta ci gaba, har mu na baya muna ji. "Na sa hannu. Yanzu an ce ba ni da kuɗin haihuwa. Abin da ya kawo ni ofishin nan ke nan, ban san ana biki ba. Ga lambarka, ranka ya daɗe."

Matan da ke raba lemo ne suka fara tafi, sai aka yi maza aka saki kiɗa. Babban Baƙo ya miƙe ya ce ransa ya ɓaci matuƙa, kuma nan take ya kafa kwamiti. Manaja ya tafi da lambarsa a hammata, tunda an riga an zana sunan kamfanin a jiki, ba kyau a yi asarar ƙarfe.

Kashegari ɗan aiken Manaja ya zo gidan Auta da katan ɗin sabulu. Wai Oga yana gaisuwa, wai ya san laulayi ne ya sa ta faɗi abin da ta faɗa, in ta gaya wa kwamiti haka, komai zai wuce. Ta ce, "Ka mayar masa. Ka ce ba sabulu nake bin sa ba."

Haihuwa ba ta jira kwamiti ba. Aikin da likita ya faɗa sai da aka yi shi. Mai ɗakina ta cire 'yan kunnenta ta ba ni na kai kasuwa, mijin Auta ya sayar da firijinsu ta waya yana kan hanya. Allah ya taimaka, uwa da 'ya suka fito lafiya. Cikin masu zuwa barka har da abokan aikinta. Ɗaya ta raɗa mana cewa ita ma tana da ciki, ta daɗe tana ɓoye shi da manyan riguna, kuma an kira ta ofishi mai sanyi. Auta ta ce, "Me kika yi?" Ta ce, "Na sha ruwan, na bar masa takardarsa." Ranar na fara jin dariyar Auta tun da abin ya faru, tana yi tana dafe ɗinki.

To yau kwamiti ya zauna, shi ne dalilin turin motar da na ba ku labari. Muka shiga, manya sun jeru a bayan tebur, kowa da robar ruwa da ambulan a gabansa. Mai Girma Shugaban Kwamiti ya ce sun yi nazari mai zurfi, abu ɗaya ya rage: hujjar cewa tana da ciki a ranar da ta ajiye aiki. Ta miƙa katin awo. Ya juya shi gaba da baya ya ce babu hatimin likitan kamfani. Ta ce likitan kamfani ba ya duba wanda ba ma'aikaci ba. Ya ce wannan kuma tsarin kamfani ne, ba huruminsu ba.

Na ce, "Ranka ya daɗe, hoton da kuka ɗauka ranar biki fa? Ai cikin ne ya sa kuka zaunar da ita a gaba."

Ya ce, "Malam, hoton ya nuna tana da ciki ranar biki. Bai nuna ranar sa hannu ba."

Auta ta matso gaban tebur. Ta kwance goyo, ta sauko da jaririyar, ta kwantar da ita a kan tebur a tsakiyar fayilolinsu. Ta ce, "Ga ta nan. Ku ƙirga watanninta."

Shugaba ya leƙo ta saman tabarau ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Malama, jaririya ba takarda ba ce. Ba za mu iya sa ta a fayil ba." Sauran manya suka gyaɗa kai, irin gyaɗawar da ake yi wa magana mai hikima. Aka ɗage zama sai an neme mu. Kafin uwar ta ɗauke ta, yarinya ta saki fitsari ya bi ta ƙarƙashin zani ya jiƙe rahoton nazari mai zurfi. Ni dai a wajena wannan shi ne ra'ayi mafi ma'ana da aka bayar a zaman.

A mota Auta ta gyara wa 'yarta hula ta ce, "Yaya, za mu dawo. Ko da da ƙafarta za ta shigo musu." Na ce ina nan, in dai da rai.

Kafin nan, jama'a, in akwai wanda ya san ofishin da ake buga wa jarirai hatimi, don Allah ya bar mini saƙo a rumfar Mai Faci. Ya kuma taimaka ya bincika mana ko Ogan wurin yana zuwa aiki.