Takalman da ke Bayan Ƙofa

Shekararsa tamanin da ɗaya. Talatin da huɗu daga ciki ya yi su yana aikin safiyo, yana jan sarƙar awo a dazuzzuka da kan duwatsu. Shekara tara ke nan ciwon gwiwa ya hana shi wuce bakin titi. Duk da haka jakarsa na rataye a bayan ƙofa, takalman aikinsa na ƙarƙashinta, kuma duk mako sai ya shafa musu mai. 'Ya'yansa sun roƙa ya ba su, ya hana. Cewa yake saura masa tafiya ɗaya.

Ranar Talata jikansa mai gyaran waya ya shigo da kwali a hammata. Shi da abokansa uku za su yi kwana biyar a daji, a ƙafa.

"Sannu da gida, Tsoho. Ashe kana nan? Na ɗauka kujerar ta haɗiye ka."

"Ina nan, ja'iri, sai na ga furfurarka. Me ka ɗauko?"

"Abin da ba ka taɓa sa irinsa ba."

Sabon takalmi ne. Tsohon ya sunsuna shi, ya lanƙwasa, ya ƙi lanƙwasuwa.

"Yaushe tafiyar?"

"Jibi."

"Da wannan? Kafin azahar ɗin rana ta biyu dunduniyarka ta saɓule. Goyonka za su yi kana kiran uwarka. Ba a shiga daji da sabon takalmi, sai ya yi wata a ƙafa ya san mai shi."

"Kishi ne kawai. Tun da Kaka, Allah ya jiƙanta, ta ce ni ne mijinta na gaskiya ka tsane ni."

"Mijin da take wanke wa wando? A ina za ku kwana?"

"Na gani a taswirar waya. Busasshen rafi, yashi kamar katifa."

"Madalla. Ruwa zai sauka can kan duwatsu, ku ko hadari ba ku gani ba, ya gangaro ya kwashe ku har da wayar. Ku hau tudu. Ku kafa tanti tun da sauran rana, ashana kuma a kwalbar magani mai murfi. Da safe ka kife takalmi ka kakkaɓe, kunama ta fi ka son ɗumi."

"Ji mai ba da shawara, wanda ko banɗaki sai da sanda."

"Ni? Ni da na kori kura da butar shayi?"

"Bara da ka ba ni labarin, dila ce."

"To ba ta girma ne?"

Jikan ya yi dariya har ya dafa bango. Tsohon ya karɓi wayar, ya matso da ita kusa da idonsa, ya daɗe yana bin hanyar da yatsa.

"Nan za ku bi? A rana ta uku akwai idon ruwa a gindin dutse. Babu shi a cikin abin nan naka. Sanyinsa har haƙori. Ku tafasa dai kafin ku sha." Ya miƙa masa wayar. "Na ce wa kakarka zan kai ta ta gani. Kullum sai baɗi."

Jikan ya dubi bayan ƙofa.

"To ara mini naka. Ƙafarmu ɗaya."

"Ƙafarka ta agwagwa?"

"A wurinka na gada."

"Saura mini tafiya ɗaya, ka sani."

"Ai ita ce wannan, Tsoho. Su sun san hanyar idon ruwan, ni ban sani ba. Su je da ni, kai ka tsare mana kujera."

Tsohon ya murza gwiwarsa ta hagu, ya murza ta dama. Sannan ya yi 'yar dariya.

"Ɗauka, ɓarawo. Ka ƙwace mini mata, ka ƙwace takalmi. Safa biyu za ka sa, ka kula da igiyar na hagu. Ka cika mini kwalba ɗaya a wurin."

"Ka sha ka koma saurayi? Ban yarda ba."

"Bar naka a nan, kar ka je ka kunyata ni."

Ranar Alhamis suka tafi. Yau ce ranarsu ta uku, kuma in lissafin tsohon daidai ne, yau za su isa gindin dutsen. Da hantsi 'yarsa ta same shi a bakin gado yana ɗaure igiyar sabon takalmin. Ya ce horar da shi yake yi kafin ja'irin ya dawo. Ya ɗauki sandarsa, ya taka zuwa bakin titi ya dawo, har sau huɗu.