Rasuwar Gwaggo, Kwamfutar da Ta Tafi da Zakin Kamfani

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da yatsu masu tabon tawada, nake sanar da ɗalibaina na da da na yanzu, da maƙwabtanmu na bene, da duk wanda ya taɓa tsayawa ƙafarsa ta yi tsami yana jiran zanensa ya fito, rasuwar tsohuwar kwamfutar ajinmu, wadda kowa ya sani da Gwaggo. Ta cika ranar Talata da hantsi bayan doguwar jinya. Shekararta goma sha huɗu a duniya, sha ɗaya daga ciki a kan teburin da ke kusa da taga.

Ga wanda bai san mu ba, mu ƙaramin aji ne na koyon zanen gine-gine a kwamfuta, a hawa na biyu, saman shagon mai sayar da fenti. Ɗalibai tara, malami ɗaya, kujeru takwas. Ba mu da na'urar sanyaya ɗaki, intanet kuwa sai ranar da ya ga dama yake leƙo mu. Cikin kwamfutocinmu kaf, babu wadda babban injin buga zane yake jin maganarta sai Gwaggo. Duk zanen da aka gama, sai an kai mata shi a filash, 'yar ma'ajiyar nan ta aljihu, an gaishe ta, an jira, kafin ya zama takarda.

Marigayiyar mai haƙuri ce, kuma ta koya wa mutane da yawa haƙuri ba da son ransu ba. Ba ta taɓa yin gaggawa ba. Idan aka kunna ta da safe, sai ta ce "tit," ta yi shiru kamar mai tuna mafarki, sannan ta ja dogon "gurrrr." Kafin ta gama buɗe ido, an share ɗaki, an goge allo, wanda ya makara ma ya iso ya zauna kamar tun ɗazu yana nan. Ba ta taɓa tona asirin ɗalibin da ya buga wasa a kanta lokacin darasi ba. An bare gyaɗa a kanta, an jingina mata jaka, an mare ta a gefe ba sau ɗaya ba, ba ta ce komai ba sai "ƙirrr."

Babbar amanar da ta riƙe ita ce ta tambura. Kamfanonin gini da ke ba ɗalibanmu aikin gwaji kowanne yana son ganin tambarinsa a ɗan akwatin da ke kusurwar takarda, can ƙasa ta dama, inda ake rubuta sunan aiki da na wanda ya zana. Hotunan tamburan nan duk a cikin Gwaggo suke: mai gada, mai hasumiya, mai rana tana fitowa, da mai zaki. Shekara da shekaru tana fito da su ba ta taɓa haɗa na wani da na wani ba.

Ba a faɗin aibin wanda ya tafi, don haka ba zan ambaci zanen asibitin nan mai hawa uku da ta haɗiye ana saura kwana ɗaya jarrabawa ba. Mun yafe mata.

Ciwon ya fara ne da tari a fanka. Daga nan sai mantuwa: kullum ta farka sai ta ɗauka ranar da aka ƙera ta ce, sai na zauna na gaya mata shekara da wata da ƙarfe nawa. Bara fuskarta ta fara yin shuɗi ana cikin aiki. Mai gyara ya zo sau uku, ya hura mata iska, ya sauya mata wani abu a ciki. A zuwansa na ƙarshe ya rufe jakarsa ya ce, "Malam, ka kwashe abin da za ka kwashe, wannan tsohuwar ba ta yau ba ce." Na ce zan kwashe ranar Asabar. Asabar huɗu suka wuce. Wannan laifina ne, kuma na karɓa.

Dole na faɗi yadda ta tafi, domin ba ita kaɗai ta tafi ba.

A ajinmu akwai wata ɗaliba da muke kira Auta, don ita ce ƙarama. Mahaifinta magini ne, ciwon baya ya sauko da shi daga aiki, ita kuma ta ƙudurta sai ta shiga harkar gini ta ƙofar zane. Kamfanin mai tambarin zaki ya ba ta gwaji: ta zana gida mai hawa biyu, ta kai a buge ranar Laraba. In ya yi, a ɗauke ta aiki. Sati uku ta yi a kansa. Ranar Litinin ta kai wa Gwaggo, ta ɗora zakin a akwatinsa, ta ajiye a filash. Takardarmu ta ƙare, muka ce sai gobe.

Gobe ta zo, takarda ta zo. Auta ta danna maɓallin kunna ta, Gwaggo ta ce "tit." Muka jira gurrr ɗin, bai zo ba. Sai wani ɗan ƙauri ya tashi. Na dafa ta, jikinta da ɗumi, amma babu ita.

Na ce wa Auta kada ta damu, ai zanen yana filash. Ta sauka zuwa shagon buga takardu na bakin titi, aka buga mata, aka naɗe, aka sa roba. Ba ta warware ba don kada ya yi datti.

A nan zan ɗan yi darasi, ku yi haƙuri, hali ne. Idan ka ɗora hoto a kan zane, zanen ba ya haɗiye hoton. Adireshinsa kawai yake riƙewa, wato inda hoton yake zaune da sunan da aka raɗa masa. Duk lokacin da aka buɗe zanen sai ya aika a kira hoton. In an je an tarar ba ya nan, sai ya bar akwatin fanko, ya rubuta adireshin a ciki ɓaro-ɓaro, don mai nema ya san wa ake nema. Na taɓa faɗin haka a aji, amma ana dab da tashi ne, kowa ya riga ya rataya jaka.

Ranar Laraba Auta ta shiga ofishin mai kamfani. Dattijo ne mai jiki, wanda cikinsa ke riga shi shiga ɗaki. A gefensa akwai injiniyansa, Dogo, tsohon ɗalibina ne na shekara bakwai da suka wuce. Yadda Auta ta ba ni labari, dattijon ya baje takardar, ya yaba matakala, ya yaba yadda ta ba kicin iska. Sai yatsansa ya gangara kusurwa. Babu zaki. Ya gyara tabarau, ya karanta a fili, a hankali, kamar mai karanta wasiƙa:

"Magen mai tumbi, ta ƙarshe, wallahi ta ƙarshe."

Ya ɗago ya ce, "'Yata, magen na gane ta. Mai tumbin fa, wane ne?"

Auta ta ce, "Ranka ya daɗe, kwamfutarmu ce ta rasu jiya."

Ya ce, "Allah ya ba ku haƙuri. Ita ta rubuta wannan kafin ta cika?"

A nan tari ya sarƙe Dogo, har sai da ya fita neman ruwa, bai kuma dawo ba. Zan faɗa don tarihi kawai, ba don tonon asiri ba, cewa a shekarar da Dogo yake ajinmu ne kamfanin ya sauya zakinsa sau biyar, kuma wani ɗalibi mai tsayi ne ya ajiye na biyar ɗin a cikin Gwaggo.

Dattijon ya naɗe takardar ya sa a aljihun teburinsa. Ya ce ya ba ta zuwa Juma'a, ta dawo da zanen da zaki a wurinsa. "Zaki fa, 'yata, ba mage ba."

Ta dawo aji idonta jajir. Hoton yana cikin Gwaggo, Gwaggo ba ta magana. Dogo ya ƙi ɗaga waya. Kunya ta hana ta komawa ta roƙi wani. Sai ta je bakin ƙofar kamfanin ta ɗauki hoton zakin da ke jikin motarsu da wayarta, ta zo ta zauna a wata kwamfutar tana bin sa layi bayan layi: gashin wuya, haƙora, jela. Kwana biyu. Na zauna kusa da ita, hannuna yana ƙaiƙayi, amma ban taɓa mata maus ba, wato linzamin kwamfuta. Da ta gama, zakin ya zama layuka irin na bango da taga, yana zaune cikin zanen kansa, ba sai an aika kiransa daga ko'ina ba.

Ranar Juma'a ta warware takardar tun a kan teburin shagon buga takardu, ta duba kusurwa sau uku. Mai kamfani ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Wannan ya fi nawa kama da zaki." Za ta fara aiki ranar Litinin. An ce bai sake tambayar wa ya rubuta ba, sai dai tun ranar ba ya kiran Dogo da komai sai "marubuci."

Marigayiyar ta rasu ta bar mijinta, babban injin buga zane, wanda tun Talata bai ci takarda ko ɗaya ba, yana tsaye da fitila ja. Ta bar ƙanenta allon maɓallan rubutu, wanda harafinsa na A ya daɗe da gogewa, da maus guda biyu, ɗaya mai aiki. Ta bar wayoyi masu yawa a bayan tebur waɗanda ba a san dangantakarsu da ita ba. Ta kuma bar marayun zane sama da ɗari biyu a hannun tsofaffin ɗalibai, kowanne da akwatinsa fanko yana jiran ranar da za a buɗe shi.

Za a yi mata rakiya ranar Asabar da ƙarfe goma na safe. Mai gyara zai fara cire abin da zai amfani masu rai. Ɗalibai huɗu za su sauko da ita, a bi a hankali a kwanar matakala, kada a goga fentin maƙwabci. Mai sayen tsofaffin ƙarafa zai jira a ƙasa da baronsa. Ma'ajiyar cikinta kuwa za ta zauna a aljihun teburina a kulle, kuma ina roƙon kada wani mai tausayi ya yi ƙoƙarin farfaɗo da ita, domin mai gada da mai hasumiya su ma suna da sunaye a ciki.

Masu zuwa ta'aziyya kada su kawo komai sai filash ɗinsu. Bayan an sauko da ita za mu zauna mu buɗe zane ɗaya bayan ɗaya, mu duba kusurwa. Wanda ya san ya taɓa raɗa wa wani suna ya zo da wuri, ba za a tambaye shi komai ba.

Auta ce za ta zare mata waya daga bango, ita ta roƙa. Ta ce yanzu ta gane: zane ba ya tafiya da abin da ba a cikinsa yake ba, kuma injin ba ya jin kunyar buga abin da mutum ya rubuta.