Ranar da Na'urata Ta Kamo Muryar Matata

Ko na so, ba zan taɓa mantawa da ranar da surukina ya zo daga Baure ya ga na'urata ba. Wata 'yar aba ce kamar kwalin ashana, ana cusa ta a jikin kwamfuta a haɗa mata eriya, sai ka riƙa yawo cikin tashoshi kana kama duk abin da ke bin iska: gajeren zango, masu tuƙin jirgin sama, har da wasu ƙararraki da ni kaina ban san na mene ne ba. Eriyar kuwa, wayar shanyar Rabi matata ce na kwance na ɗaura a saman kwano (na ce zan sayo mata wata, har yau ina shirin sayowa).

Na gaji da kare kaina a kan abin nan. A majalisa ana ce min Injiniya, ba don girmamawa ba. A gida kuma da na dawo aiki sai in toshe kunne in zauna. Na san Rabi ta kai ƙarata wajen Baba, shi ya sa na ƙudura yau zai gane ilimi nake nema, ba shiririta ba. Shi ma fa mutumin rediyo ne, har gona yake zuwa da tasa a kafaɗa.

Bayan la'asar na shimfiɗa masa darduma a zaure, na cire abin kunne na haɗa lasifika. Rabi ta shiga maƙwabta walimar suna. Na kamo masa wata tasha ta Nijar, ya ce tasa ma tana kamawa. Na nemi jirgi, ranar ko ɗaya bai wuce ba. 

Can sai ga wani layi ya miƙe a fuskar kwamfuta, mai ƙarfin gaske. Na ce, Baba, wannan daga nesa yake, wataƙila ma ƙetare. Na danna, na ƙure murya.

Ashe makirufo mara waya ne na gidan walima. Malamar da suka gayyato ta gama wa'azi, an kashe lasifikarsu, shi kuma an ajiye shi a kunne kan tabarmar mata. Muka ji ƙarar kwanuka, sannan muryar da na fi sani a duniya ta cika zauren.

"Baban Amira? Ai yana jin Sin, yana jin jirgin sama. Ni ce dai ba ya ji. Jiya sau nawa na ce masa yarinyar nan jikinta da zafi, sai ya ɗaga min hannu wai in jira."

Ba dariya take yi ba, abin da ya fi kashe ni ke nan. Na lalubi wajen kashewa na rasa (ni da na ce na ƙware), har sai da na fizge wayar gaba ɗaya.

 Baba ya miƙe, ya gyara hularsa, ya ce, "Malam, na'urar tana da kyau. Ka riƙe tashar nan."

Ban iya raka shi ba sai da kai a ƙasa. Na'urar tana nan, ban sayar ba. Amma na gane cewa na hau kwano na sha rana don in ji mutanen da ba su san da ni ba, alhali tashar da ta fi kusa ko eriya ba ta buƙata. Yanzu da Rabi ta ce "ka ji", sai in cire abin kunnen.