Yadda Za Ka Haddace Kalmomin Turanci Dubu Uku Ka Faɗi Jarrabawa Cikin Mutunci

Ɗan'uwa, in ka bi matakan nan yadda na tsara su, na yi maka alkawari cikin wata shida kanka zai cika da kalmomin Turanci har su riƙa zubowa ta kunne. Ka lura da kyau, ban ce za ka ci jarrabawa ba, cewa na yi kanka zai cika. Ni da kake gani, shekarata goma sha ɗaya ina aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti, kuma sau uku ina zaman jarrabawar Turancin nan da ake nema kafin a ɗauki ma'aikacin lafiya aiki a ƙasar waje. Wanda ya zauna sau ɗaya ya ci ya wuce, me ya sani a kanta? Gwani shi ne wanda ya daɗe a wurin.

Mataki na ɗaya: Sanar da duniya

Kafin ka buɗe littafi, gaya wa kowa tafiyarka ta kusa. Gaya wa mai gadi, da masu shara, da matar da ke sayar da katin waya a bakin ƙofa. Ni har wurin surukina na je, na durƙusa na ce a sa mu a addu'a, mun kusa ɗagawa. Tsoho ya ce Allah ya sa, sannan ya tambaya ko an riga an ci jarrabawar. Na ce masa, "Baba, ai wannan ƙaramin abu ne."

Amfanin wannan mataki shi ne, daga ranar duk wanda ya gan ka zai gaishe ka da, "A'a, har yanzu kana nan?"

Mataki na biyu: Sayi ƙamus mai nauyi

Kada ka duba cikinsa, ɗaga shi za ka yi ka ji. In hannu ɗaya ya ɗauka, mayar wa mai kanti kayansa. Ajiye naka a teburin falo inda idon baƙo zai fara sauka, ka soma hadda daga shafin farko. Ni wata biyu na yi ban fita daga harafin farko ba. Kwana uku na kwashe a kan sunan wata dabba da na zata sai a can ƙetaren teku ake samun ta. Ashe dabgi ne.

Mataki na uku: Raina ƙananan kalmomi

Duk kalmar da ɗan firamare zai iya furtawa ba taka ba ce. Nemi dogaye, irin waɗanda sai ka tsaya ka ja numfashi a tsakiyarsu. Ka kuma samu abokin gasa. Nawa shi ne mai ba da magani a asibitinmu, wanda muke kira Farfesa. Kullum lokacin hutu muna zaune a kan benci bayan ɗakin ajiya, ya jefo tasa, in jefo tawa. Akwai wata kalma da muka yi mako guda muna musu a kanta, shi ya ce tana nufin rashin jituwa, ni na ce ciwon hanta ne. Babu wanda ya tashi ya duba. Duba ƙamus a gaban abokin gasa alamar rauni ce, haka masana suka ce. Ni da Farfesa ne masanan.

Mataki na huɗu: Gwada a kan wanda ba zai iya kare kansa ba

Ilimi in ba a yi aiki da shi ba tsatsa yake yi. Wata safiya wata dattijuwa ta zo karɓar sakamakon gwajinta. Jininta lafiya ƙalau, ya fi nawa kyau. Na gyara wuyan riga na bayyana mata hakan da Turanci, kalma shida, kowacce ta fi 'yar'uwarta tsawo. Baiwar Allah ta zauna daɓas a ƙasa ta fara kuka, tana cewa a kira mata 'ya'yanta ta yi musu wasiyya.

Matata nas ce a ɗakin mata na asibitin, ita aka kira ta zo ta riƙe hannun tsohuwa ta ce, "Iya, babu abin da ke damun ki, tashi ki je gida." Da muka koma gida ba ta yi faɗa ba. Tana ninke kayan yara ta ce, "Yallaɓai, Turancin nan naka zai riga cuta kashe wani."

Kada irin wannan ta karya maka gwiwa. Hassada ce.

Mataki na biyar: Kada ka saurari matarka

Wannan shi ne ginshiƙin tsarin gaba ɗaya. Bayan na faɗi karo na biyu, matata ta ce ita ma za ta zauna jarrabawar tare da ni. Na yi dariya har na ƙware da shayi. Ka ji nata salon karatun: kalma biyar kacal a rana, a bayan kwalin magani take rubuta su, ta sa a aljihun rigar aiki. In tana guga, rediyo na yi mata Turanci. A wurin aiki kuma akwai wata likita baƙuwa da ba ta jin yarenmu, ita take liƙe wa da hira, ta yi kuskure, a gyara mata, su yi dariya, gobe ta sake. Na ja ta gefe na nuna mata wannan zubar da girma ne, mutum ba ya buɗe baki sai ya ƙware.

Ta ce ta ji. Sannan ta tambaye ni yadda ake cewa murfin tukunya da Turanci. Na ce mata Turawa ba su taso tun daga ƙasarsu don su tambaye ni murfin tukunya ba.

Mataki na shida: Shiga ɗakin jarrabawa da jawabinka a shirye

Ranar gwajin baki, aka shigar da ni wani ɗan ɗaki mai kujera biyu da tebur. Mai jarrabawar mace ce mai tabarau, ta danna na'urar ɗaukar murya ta yi mini murmushi. Ni kuwa na zo da jawabi biyu a kaina, ɗaya kan ɗumamar yanayi, ɗaya kan tattalin arzikin duniya.

Ta ce in ba ta labarin ɗakin da na fi so a gidanmu, da abubuwan da ke cikinsa.

A nan za ka nuna kai tsohon hannu ne. Na ce mata ɗakina yana da zafi, zafin kuma daga ɗumamar yanayi yake, na kama hanya. Ta ɗaga hannu a hankali ta dawo da ni ɗaki. Ta ce me ke jikin tagar? Ina ganin labulen nan a idona, ruwan toka, mai ƙunar dutsen guga a gefe guda. Na san kalmar da ke nufin rugujewar tsarin mulki, na san ta kumburin saifa. Labule ne ban sani ba. Na ɗaga hannu biyu ina kwatanta yadda ake jan sa. Ta jira ni, Allah ya saka mata, ta daɗe tana jira. Daga ƙarshe ta rubuta wani abu gajere a takardarta ta ce ta gode.

Mataki na bakwai: Nemo mai laifi

In sakamako ya fito, kada ka ɓata lokaci. Ka ce matar ta hanci take magana, ɗakin ya yi sanyi, fensirin da suka bayar ba ya kamawa. Kwana biyu na yi ina wannan bayani a gida, matata tana cewa haka ne, sai haƙuri. Ban tambaye ta nata sakamakon ba, don kada in kunyata ta.

Rana ta uku kamfanin da ke ɗaukar ma'aikatan ya kira wayata, sun nemi tata ba su samu ba. Suka ce in taya ta murna ta ci jarrabawa, suna so su ji yaushe za ta kawo takardunta. Na same ta a kicin na tambaye ta dalilin ɓoye mini. Ta ce ta rasa ta inda za ta fara, ganin yadda na dawo ranar sakamako ko abinci ban ci ba. Ta rage wutar risho ta juyo ta ce, "Baban yara, in ba tare da kai ba, ba inda za ni."

Duk kalmomin nan dubu uku, babu wadda ta zo mini.

Mataki na takwas: Sa hannu

Bayan mako guda muka zauna cike takardun biza. Sunanta a sama, nawa a ƙasa tare da na yara. A gaban sunana akwai wata kalma da ban taɓa haɗuwa da ita ba. Na tambaye ta ma'anarta. Ta sosa kunne, ta kalli silin, sannan ta ce, "Wanda ake ɗauke da nauyinsa." Ta ƙara da cewa mai wannan matsayi ba a neman sa da wata jarrabawa.

Karɓi biro, ɗan'uwa. Sa hannu da kyau, yadda za a san mai ilimi ne ya sa.

Gargaɗi: Mai wannan jagora ba shi da alhakin faɗuwarka, ko ciwon bayan da ƙamus ya jawo maka, ko kukan wata tsohuwa. Mai ƙorafi ya same ni kafin ƙarshen watan gobe. Bayan nan sai dai ya rubuta wa matata, don fasfo ɗina ma a jakarta yake.