Man Agaji a Cikin Tarakta

Shekarar fari, zamanin soja, ni ne makanikin lambun koperatif, wato ƙungiyar manoma, a unguwar Harobanda. Tsohuwar taraktarmu ta daina ɗaga garma, ga wani ajidan, mai muƙamin soja, zai zo duba noman rani. Na leƙa, man da ke ɗaga garmar ya tsiyaye ƙaf, kuma babu irinsa a kasuwa.

Na je wajen Madam Rahila, mai tsaron kayan agaji, na karɓo bidon ɗin man girki, jarka guda. Shef ake ce mini, wato shugaban aiki. Ta ce, "Shef, na bakin mutane ne. Kaso kake nema, a kulle ka?"

Na ce, "Madam, mai mai ne. Shekara goma ina wannan aiki."

Na ɗura shi a tarakta. Kuma garma ta ɗaga, a rubuta wannan! Awa biyu cur tana aiki. Sai da ajidan ya iso tiyo ya fashe, mai ya feshe inji mai zafi, lambu ya gauraye da ƙamshin suya. Ya shaƙa, ya ce, "Wa ke tuya?"

Kwana uku na yi a kaso.

Har yau in na ratsa Harobanda sai wani ya ce, "Shef, a ba ni ƙosai na dala." Ni kuwa in ce masa, garma dai ta ɗaga.